Yadda kwamfuta ke raba kalmomi ta juya su, da wuraren da Hausa ke ɗaure mata kai

Wani abokina da ke aiki a ofishin wata makarantar sakandare ya kawo mini jerin sunayen ɗalibai. An rubuta kowane suna yadda muka saba kiran mutum, sunan yanka a gaba, na mahaifi a baya, amma fom ɗin da za su cika yana son na mahaifi ya fara zuwa. Ya riga ya yi kwana biyu yana kwafa da hannu. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin bai wuce layi uku ba, na buɗe Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, na rubuta:

```
suna = "Aminu Kano"
kalmomi = suna.split()
print(" ".join(reversed(kalmomi)))
```

Nan take "Kano Aminu" ya fito. Kafin in taɓa jerin nasa sai na ga ya kamata in ƙara gwaji da wani sanannen suna, na sa "Usman ɗan Fodiyo". Abin da ya fito shi ne "Fodiyo ɗan Usman". Uba ya koma ɗa, ɗa ya koma uba. Kwamfutar kuwa ba ta yi kuskure ba, abin da na umarce ta shi ta yi. Ni ne na ɗauka ta san abin da ake nufi da kalma, alhali ba ta sani ba. Duk wahalar da ke cikin raba rubutu da juya shi daga nan take tasowa: wanda ke rubuta umarnin shi ne zai yanke shawarar mene ne guda ɗaya, in kuwa bai yanke ba, yaren da yake aiki da shi zai yanke masa bisa ga abin da ya dace da Turanci.

A wurin kwamfuta, rubutu kamar carbi yake. Zare ne ɗaya da aka jera ƙwayoyi a kai, kowace ƙwaya lamba ce. Ƙaramin harafin a lamba 97 ne, b kuma 98. Tazarar da muke bari tsakanin kalmomi, wadda idonmu ke gani kamar babu komai a wurin, ita ma ƙwaya ce mai lamba 32. Saboda haka idan aka ce "raba kalmomi", abin da ake yi kawai shi ne bin zaren nan daga farko, duk inda aka tarar da lamba 32 a sa almakashi. Aikin split ke nan. Shi kuma join komawa yake yi ya ɗinke gutsattsarin da duk abin da ka ba shi ya sa a tsakani, ko tazara, ko waƙafi, ko ba komai. A tsakaninsu reversed ke karanta jerin daga ƙarshe zuwa farko.

Tun a wannan mataki akwai ramin da sababbin koyo ke yawan faɗawa. A Python, split() da ba a sa komai cikin bakansa ba daban yake da split(" ") da aka nuna masa tazara. Na farkon yana ɗaukar tazara biyu ko uku a jere a matsayin ɗaya, yana yanka a wurin sabon layi, yana kuma watsar da tazarar farko da ta ƙarshe. Na biyun ba ruwansa, duk inda ya ga tazara sai ya yanka. Idan mai buga rubutu ya danna tazara sau biyu bayan kalmar farko a "ruwa  ya sauka", na biyun zai ba ka abu huɗu: ruwa, sai wani fanko da ba komai a cikinsa, sai ya, sai sauka. Wannan fankon ne zai sa lissafin kalmominka ya haura, ko ka nemi kalma ta biyu ka samu babu. Rubutun da mutane suka buga a waya cike yake da irin wannan. Halin haɗe tazarori tsohon hali ne, tun yaren AWK da Aho da Weinberger da Kernighan suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1977 yake yin haka. Da Larry Wall ya fito da yaren Perl a 1987 sai ya kwaikwaye shi, ta yadda a Perl idan ka rubuta split " " halin AWK za ka samu. Ga umarni iri ɗaya a ido, amma a Perl yana haɗe tazarori, a Python da JavaScript ba ya haɗewa. Wanda ke tsallakawa daga wannan yare zuwa wancan sai ya kula.

Juyawar ma kala uku ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai juya jerin kalmomi, inda "rana ta fito" ke komawa "fito ta rana". Akwai juya zaren gaba ɗaya harafi bayan harafi, wanda a Python ake rubutawa jimla[::-1], ma'ana bi zaren da taku ɗaya-ɗaya amma da baya, sai ka samu "otif at anar". Akwai kuma juya kowace kalma a inda take, "anar at otif". Abin da ke burge ni shi ne dangantakar da ke tsakaninsu. Ɗauki "otif at anar", ka juya kowace kalma a mazauninta: otif ta koma fito, at ta koma ta, anar ta koma rana. Ka ga ka iso "fito ta rana" ba tare da ka gina wani sabon jeri ba. Masu rubutu da yaren C suna amfani da wannan dabara don juya kalmomi a cikin ma'ajiyar da rubutun yake, ba sai sun nemi wata ba, shi ya sa take yawan fitowa a tambayoyin ɗaukar aiki. A Python dabarar ba ta tanada maka komai, domin a can zaren rubutu ba ya canzuwa bayan an ƙirƙire shi, duk juyin da ka yi sabon zare ake saƙa maka. Amma tana da kyau a sani don kaifin tunani.

Da zarar jimla ta zo da aya da babban baƙi sai ɓaraka ta fara bayyana. "Ruwa ya sauka jiya." za ta koma "jiya. sauka ya Ruwa", ayar ta manne wa jiya ta bi ta zuwa gaba, domin babu tazara tsakaninsu. Maganin da kowa ke fara kai hannu gare shi shi ne a daina yanka a wurin tazara, a koma tsinto kalmomin kansu da re.findall(r"\w+", jimla). Alamar \w tana nufin harafi ko lamba, \w+ kuma tana nufin duk inda suka jeru ba yankewa. A Python 3 wannan alama ta san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba ta da matsala da su. Matsalarta ɗan apostirofin nan ne da muke rubuta hamza da shi.

Ba ta kalmar "jama'a", za ta ba ka kalma biyu, jama da a. "Ta'aziyya" za ta koma ta da aziyya. "Sa'a" ta koma sa da a. Wanda ya fi muni shi ne "'ya'ya", wadda za ta dawo ya da ya, wato ta tashi daga zuriya ta koma wakilin suna har sau biyu. A Turanci wannan alama galibi nuna gajarta kalma take yi ko mallaka, a Hausa kuwa baƙi ce cikakkiya, sauti ne da maƙogwaro ke fitarwa. Wannan cuta ɗaya ce ke sa umarnin title(), mai mayar da harafin farko na kowace kalma babba, ya rubuta "Jama'A" da "Sa'Adu". Duk wanda ya taɓa ganin sunansa a takarda da babban A a tsakiya, akwai yiwuwar irin wannan umarni ne ya bi ta kansa.

Abin bai tsaya nan ba, don alamar kanta iri uku ce a cikin kwamfuta ko da yake a ido kusan ɗaya suke. Akwai miƙaƙƙiya ta kan allon bugawa, mai lamba U+0027 a Unicode, tsarin da ke ba haruffan harsunan duniya lamba. Akwai lanƙwasasshiya, U+2019, wadda manhajojin rubutu da wayoyi da yawa ke musanya maka ba ka sani ba. Akwai kuma U+02BC, wadda Unicode ke lissafawa a cikin haruffa, kuma ita kaɗai ce a cikin ukun da \w ke karɓa. A fayil guda za ka iya tarar da "'yan" an rubuta ta hanyoyi uku, ga kuma ta huɗu idan rubutun daga Nijar ya fito, inda ake rubuta "ƴan" da harafi mai lanƙwasa. Ni shawarata ita ce kafin ka raba komai, ka fara mayar da su duka iri ɗaya da replace, sannan ka faɗa wa kwamfuta da bakinka abin da kalmar Hausa ta ƙunsa:

```
import re
jimla = jimla.replace("’", "'").replace("ʼ", "'")
kalmomi = re.findall(r"[\w']+(?:-[\w']+)*", jimla)
```

Ɓangaren ƙarshe na wannan zubi karan ɗori yake kula da shi, don "kaɗan-kaɗan" da "faɗi-tashi" su zauna a matsayin kalma ɗaya. Zai ruɗe idan marubuci ya yi amfani da apostirofi guda-guda wajen rufe maganar wani, wannan kam sai an duba.

Akwai kuma abin da babu umarnin da zai warware shi, wato yadda mu kanmu muke raba kalmomi. Ƙa'idar rubutu ta ce "shi ne" a rabe, "yana" a haɗe, amma shiga kowane shafi na intanet ka ga "shine" da "ya na" birjik. "A kan" tebur daban, "akan" yi daban, kuma mutane na musanya su kullum. Almakashin kwamfuta inda ka bar tazara yake bi, don haka jimla ɗaya za ta iya ba da kalma bakwai a hannun wani, takwas a hannun wani. Mai son ƙirga kalmomin Hausa da gaske dole ya fara yanke hukunci a kan wannan.

Yanzu mu gangara ƙasa da kalma, zuwa harafi, inda lamarin ya fi zurfi. Tsohon tsarin ba haruffa lamba, wato ASCII na 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kuma babu ƙ a ciki. Unicode ya ba ta lamba U+0199, ya ba ɗ U+0257, ya ba ɓ U+0253. A tsarin ajiye waɗannan lambobi mai suna UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992 kuma mafi yawan intanet ke tafiya a kansa yau, haruffan ASCII bayit (ƙaramin ma'aunin ajiya a kwamfuta) ɗaya-ɗaya suke ci, amma kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne. Kalmar "ƙasa" haruffa huɗu ce, bayit biyar. Ita ƙ ɗin ana ajiye ta da bayit C6 sannan bayit 99, kuma dole su zo a wannan jeri. Yaren da ke juya bayit maimakon harafi zai mayar da su 99 sannan C6, abin da ba shi da ma'ana a UTF-8, sai ka ga alamar tambaya cikin ɗan baƙin lu'ulu'u a inda harafinka yake. Haka zaren rubutu na yau da kullum yake yi a Python 2. Python 3, da ya fito a Disambar 2008, ya raba bayit da rubutu ya kawar da wannan. Amma har yau strrev na PHP bayit yake juyawa, Perl ma haka zai yi idan ba ka sanar da shi cewa rubutunka UTF-8 ne ba.

Sai mutum ya ɗauka da Python 3 an gama. Ba a gama ba, domin abin da ido ke gani harafi ɗaya wani lokaci lamba biyu ne ko fiye. Manazarta harshe suna bambanta r iri biyu na Hausa ta hanyar ɗora wa mai kaɗa harshe wata 'yar igiya, r̃, don a rarrabe bara mai hidima da bar̃a ta almajiri. Unicode ba shi da lamba guda ta r̃, ana rubuta r ne sannan a biyo ta da alamar U+0303, wadda ke hawa kan duk harafin da ya gabace ta. Juya "bar̃a" da [::-1], alamar za ta riga r zuwa, ta tarar a ce a gabanta, ta hau kanta: "ãrab". Alamomin karin sauti da ake sawa a ƙamus ma haka suke zamewa. Umarnin unicodedata.normalize("NFC", …) yana iya narkar da a da alamar karin sautin ƙasa su zama à guda ɗaya, amma ba zai iya da r̃ ba tunda babu gurbin da zai zuba ta.

Misalin da na fi so in nuna wa ɗalibai shi ne na tuta. Imojin tutar Najeriya ba hoto ɗaya ba ne a cikin zare, alamomi biyu ne na musamman da ke wakiltar N da G, waya ce ke haɗa su ta zana kore da fari da kore. Juya su sai su zama G da N, wanda shi ne lambar ƙasar Gini, tutar da za ta fito ke nan. Ta Kamaru, C da M, za ta koma M da C, wato Monako. A JavaScript abin ya ma fi haka lalacewa, saboda split("") yana yanka ne bisa gutsattsarin wani tsarin ajiya mai suna UTF-16, kuma kowace alama irin wannan gutsure biyu ce. Haruffanmu masu lanƙwasa suna tsira a can, amma rubutun Adlam na Fulfulde, wanda ya shiga Unicode a 2016, kowane harafinsa sai ya tsage gida biyu. Maganin duk wannan shi ne a yanka bisa abin da ido ke gani harafi guda, kamar yadda Unicode ya tsara a ƙarin bayaninsa mai lamba 29. A Python akwai kunshin regex da ake saukewa daban, mai alamar \X, a JavaScript kuma akwai Intl.Segmenter.

Ajami ya cancanci gargaɗi nasa. Ko da yake daga dama ake karanta shi, a cikin kwamfuta ana ajiye shi ne bisa jerin furuci, harafin da aka fara faɗa shi ne na farko a zare, manhajar nunawa ce ke shimfiɗa shi daga dama zuwa hagu. Idan wata manhaja ta nuna shi a birkice, kuskure ne babba a ce za a gyara da [::-1]. Ajamin Hausa da wasali yake tafiya, fataha da kisira da rufu'a, kuma kowannensu alama ce mai hawa kan harafin da ya gabace ta. Juyi ɗaya zai sauke kowane wasali a kan maƙwabcin harafinsa.

Ko an bi duk wannan, har yanzu harafin Unicode ba shi ne harafin Hausa ba. A wurinmu sh baƙi ɗaya ne, ts ma haka, ga su kw da ky da gw da gy da ƙw da ƙy da fy. Juya "tsuntsu" harafi-harafi ka samu "ustnust", wanda bakin Bahaushe ba zai iya ko furtawa ba. Yara masu zaurance sun fi wannan umarni fahimtar harshen, domin su idan za su juya kalma gaɓa suke ɗagawa. Da gaɓa "tafi" ke komawa "fita", "gida" ta koma "dagi", "kama" ta koma "maka". Gaɓar Hausa kuwa tana da tsari mai sauƙin bayyanawa: baƙi da wasali, ko baƙi da tagwan wasali kamar ai da au, ko baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe. Sai na rubuta shi haka, inda B ke wakiltar baƙi:

```
B = r"(?:ƙw|ƙy|kw|ky|gw|gy|sh|ts|fy|'y|[bɓcdɗfghjkƙlmnrstwyƴz'])"
gaba = B + r"?(?:ai|au|[aeiou])(?:" + B + r"(?![aeiou]))?"
```

Ma'anar ƙarshen ita ce baƙi zai rufe gaɓa ne kawai idan ba wasali ke biye da shi ba. "Makaranta" ta fito ma-ka-ran-ta, "tsuntsu" ta fito tsun-tsu, raina ya yi fari. Da na sa "gishiri" sai ga gis-hi-ri. Na daɗe ina kallon allon kafin in gane abin da ya faru. Injin da ke bin wannan zubi ya fara gwada sh a matsayin marufin gaɓa, ya ga i na biye, ya fasa kamar yadda ya kamata. To amma halinsa ne idan hanya ta toshe ya ja da baya ya gwada wata, sai ya ɗauki s ita kaɗai, ya ga h ce ke biye da ita, h kuwa ba wasali ba ce, ya ce ya samu. Gyaran shi ne a hana shi ja da baya a cikin baƙi: a canza (?: na farkon B zuwa (?>, alamar da Python ya fara karɓa daga siga ta 3.11 a 2022. Da na yi haka gi-shi-ri ta fito daidai, "sakkwato" ma ta fito sak-kwa-to. A nan ne na ƙara ganin hikimar masu rubuta "Is'haƙ" da "mus'hafi" da apostirofi a tsakiya. Sun sa shi ne don mai karatu ya san s daban h daban, kuma tambayar da suka amsa wa mai karatu ita ce dai wadda injin ya tsaya a kanta.

Jerin sunayen abokina kuwa, a ƙarshe ba juyawa yake buƙata ba, yanka ɗaya yake buƙata a wurin da ya dace. Ga suna mai kalma biyu babu gardama. Ga mai kalma uku dole a zaɓa. Umarnin split(maxsplit=1) yana yanka sau ɗaya daga gaba, don haka "Abubakar Tafawa Balewa" zai ba da Abubakar a gefe, Tafawa Balewa a gefe, kuma daidai ne tunda Tafawa Balewa sunan gari ne guda. Shi kuma rsplit(maxsplit=1) daga baya yake yankawa, shi ne ya dace da yaron da sunan yankansa kalma biyu ne, irin su Umar Faruk ko Muhammad Sani ko Ahmad Tijjani. A zaren rubutu babu wata alama da ke nuna wanne ne wanne. Sai muka bar kwamfuta ta gama da duk masu kalma biyu, ta ware masu uku da masu ɗan ko 'yar ko mai a tsakiya ta zuba su a wani fayil daban. Abokina ya ja kujera ya zauna da rajistar makaranta a gefensa yana bin su ɗaya bayan ɗaya, inda ya yi shakka kuma ya aika aji a kira yaron a tambaye shi sunan mahaifinsa.